Makarantar Yara Ba Wurin Caca Ba Ce

'Ya'yana, akwai wata sabga da ta shigo wayoyinku, ina so mu tattauna a kanta cikin natsuwa. A jihohin Amurka da dama, doka ta ba jama'a damar yanke hukunci da kansu a kan wasu ƙudurori ranar zaɓe. Cikin tambayoyin da akan kawo musu har da wannan: a ƙara wa masu manyan kuɗaɗen shiga haraji domin a tallafi makarantun gwamnati, ko a bar su yadda suke? To yanzu ga kamfanoni irin su Kalshi da Polymarket sun mayar da sakamakon zaɓe abin zuba kuɗi. Mutum zai sayi "e" ko "a'a" a kan senti 60, alal misali. In ya dace a ba shi dala ɗaya, in bai dace ba kuɗinsa sun tafi. Tun da wata kotun tarayya ta ba Kalshi gaskiya a shari'ar da aka yi kan wannan harka a 2024, harkar ta ƙara haɓaka.

Masu yi suna kiranta hasashe, wai ilimi ne da lissafi. Amma ku duba da kyau. Ba a noma komai ba, ba a ƙera komai ba, kuɗi ne kawai suka bar aljihun wanda ya faɗi suka koma na wanda ya ci. Sunan wannan caca, kuma Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya ta haramta su. Wannan kaɗai ya ishi mai hankali. Sai dai akwai wata ɓarnar da ta fi asarar kuɗi ɓoyuwa, ita nake so ku gani.

A Nuwamban 2022, mutanen jihar Masachusets suka amince da ƙarin harajin kashi 4 cikin ɗari a kan abin da ya haura dala miliyan ɗaya a shekara, da sharaɗin a kashe kuɗin kan ilimi da sufuri. Kusan kashi 52 cikin ɗari ne suka ce e. Daga wannan kuɗi ake tallafa wa ciyar da ɗaliban makarantun gwamnati kyauta. A nan ƙuri'a ta isa har kwanon yaro.

A Arizona kuwa labarin ya sha bamban. A 2020 jama'a suka amince da ƙarin kashi 3.5 cikin ɗari a kan abin da ya wuce dala 250,000, don a inganta albashin malamai da ma'aikatan makarantu. Aka kai maganar kotu, a Maris na 2022 alƙali ya soke dokar saboda ta ci karo da iyakar da tsarin mulkin jihar ya sa wa kashe kuɗi a kan makarantu. Haka a Maine: jama'a suka amince da ƙarin kashi 3 cikin ɗari a 2016, majalisar jihar ta shafe shi a 2017. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

A ce wani ya zuba kuɗi a kan "e" a Arizona. Da an bayyana sakamako ya kwashi ribarsa, ya juya ga wata cacar. Malamar da ta sa rai ga ƙarin albashi kuwa ta fi shekara guda tana jiran hukuncin kotu, ƙarshe ta tashi a tutar babu. Aikin mai caca yana ƙarewa a ranar da wahalar makaranta take farawa. Wanda ya sayi "a'a" kuma, ku auna halin zuciyarsa: zai kwana yana fatan kada kuɗi su isa ajin yaran talakawa, ba don ya nazarci dokar ya ga aibunta ba, sai don aljihunsa.

Kada ku ɗauka duk mai adawa da irin wannan haraji maƙiyin ilimi ne. Akwai masu tsoron attajirai za su ƙaura zuwa wata jiha, akwai masu ƙananan sana'o'i da ake lissafa ribar kasuwancinsu cikin kuɗin shigarsu. Muhawara ce ta gaskiya, tana buƙatar mutum mai sauraren hujja. Wanda ya riga ya ɗora kuɗi a gefe guda ba ya sauraro kuma, neman abin da zai kwantar masa da hankali yake yi.

Don haka ku da kuke zaune a Amurka kuna da ƙuri'a, ku karanta ƙudurin da kanku, ku kaɗa bisa abin da kuka gamsu da shi, sannan ku bi sawun kuɗin a majalisa da taron hukumar makarantu. Ku da kuke gida kuna leƙen waɗannan kasuwanni ta waya, abin da za ku jefa a can zai sayi littattafai da alli, ko ya biya wa maraya kuɗin jarrabawa. In kuna da kaifin basirar hango abin da zai faru, ku kai ta kasuwanci na halal da karatu mai amfani.

Allah Ya tsare ku daga kwaɗayin abin da ba ku yi wa gumi ba, Ya sa albarka a neman ku, Ya sa ku zama masu gina makarantu.