DARASI NA 14: ƘOFAR RUWA DAIDAI DA GONA

In ka tashi daga Gyadi-Gyadi ka bi hanyar Zariya, za ka isa Kura da Kadawa. Can ake noman rani da ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Ruwan yana bin manyan magudanai, yana shiga ƙanana. A kowace mararraba akwai ƙofa. Ita ke raba ruwa tsakanin manoma.

Mai lambu da injin ban ruwa shi ma yana da tasa ƙofar a jikin bututu. Sunanta bawul. Kafin ka je kasuwa sayensa, san girman da ya dace da gonarka.

In bawul ya yi ƙanƙanta, ruwa ba zai kai ƙarshen gona ba. Tumatir ya yi yaushi, man inji ya ƙone a banza. In ya yi girma ainun, da ka ɗan murɗa sai ruwa ya kwararo. Ya rushe fangali, ya kwashe taki, maƙwabci ya rasa rabonsa.

Ka lura da wannan. Bakin bawul mai inci 4 ba biyun mai inci 2 ba ne. Huɗunsa ne.

Ga yadda za ka auna. Samo bokiti mai cin lita 20. Tara shi a bakin bututu, kana duban agogo. In ya cika cikin daƙiƙa 10, kana samun lita 2 kowace daƙiƙa. A awa ɗaya lita 7,200 ke nan.

To, a ce lambunka mita 20 ne tsawo, mita 20 faɗi. Kana so ka ba shi ruwa mai zurfin santimita 5. Lita 20,000 kake bukata, aikin kusan awa 3. In rabonka na ruwa awa 3 ne, bawul ɗinka ya yi daidai.

Abu na ƙarshe: rufe bawul sannu a hankali. In ka datse ruwa farat ɗaya, zai iya fasa bututu.

TAMBAYOYI
1. A wace shekara aka gama madatsar Tiga?
2. Wace ɓarna babban bawul yake yi?
3. Bokiti mai lita 20 ya cika cikin daƙiƙa 5. Lita nawa ke nan a daƙiƙa ɗaya?