Kunkurun Ruwa: Baƙon Da Ke Cikin Kududdufi

A ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da zarar ruwan fari ya sauka wajen watan Mayu, manomi ya kan ci karo da kunkurun ruwa yana tafe a bakin gona ko yana ƙetare hanya. Yara su kan ce ruwan sama ne ya zubo da shi. Ba haka ba ne. Yana nan tun bara, a ƙarƙashin ƙafar mutane.

Kada a haɗa shi da kunkurun tudu mai doron baya, wanda ke cin ganye. Na ruwa bayansa shimfiɗaɗɗe ne, ruwan ƙasa-ƙasa, tsawonsa ba ya cika wuce inci 8 ba. Babbar alamarsa ita ce wuya. In ya tsorata ba ya janye kai ciki sak, sai ya lanƙwasa wuyan gefe guda ya ɓoye. Masana suna kiran jinsinsa Pelomedusa. Da an ɗauka iri ɗaya ne duk faɗin Afirka, amma a 2014 aka sake bincike aka raba shi iri goma. Akwai kuma kififiya mai taushin baya, ita ta fi son manyan koguna.

Zamansa duk a kan damina da rani yake. Ba ya neman babban ruwa irin na madatsar Mairuwa. Ƙaramin kududdufin bayan gari, ko ramin da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, ko tafkin fadama, sun ishe shi. Sa'ad da ruwa ya fara janyewa da kaka, sai ya tona laka ya shige, ko ya fita ya binne kansa a gindin wani daji. Nan zai kwanta wata da watanni, ba ci ba sha, numfashi kaɗan kaɗan, har ruwa ya dawo. Shi ya sa masu yin tubali da masu haƙa rijiyar lambu su kan tono shi da rani, su zaci matacce ne. Barci yake yi. In aka jefar da shi a rana zai mutu, in aka mai da shi ƙasa mai laima a inuwa aka rufe, ya tsira.

Da damina macen ta kan fito tudu kusa da ruwa, ta jiƙa ƙasa da fitsarinta don ta yi taushi, ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai kamar 10 zuwa 30, ta rufe ta koma. Ba ta kwanci. Zafin ƙasa ne ke ƙyanƙyashe su cikin wata uku ko ƙasa da haka, kuma zafin nan shi ke sa 'ya'yan su zama maza ko mata. Galibin ƙwan ba sa kai labari, gama guza da karnuka suna tonewa, garma kuma tana fasa na bakin fadama. Namiji ana gane shi da doguwar wutsiya da ɗan loɓawa a ƙirji.

To, ina ruwan manomi da shi? Ruwansa a wajen abinci yake. Kunkurun ruwa ba shi da haƙori, amma bakinsa da kaifi, yana kuma yaga nama da farata. Yana cin ƙwarin ruwa da tsutsotsinsu, har da na sauro, da talibambam, da mushen da ya faɗa ruwa. Yana cin ƙananan dodon koɗi, waɗanda a jikin wasunsu ne ƙwayar cutar tsargiya ke girma kafin ta shiga jikin yaran da ke wanka. Ba a ce shi kaɗai zai kau da tsargiya ba, wannan aikin asibiti ne da tsabta. Amma kududdufin da aka kashe kunkurunsa ya rasa mai shara ke nan.

Laifinsa kuwa ba a ɓoye shi. Ya kan kama 'yar agwagwa ta ƙafa ya ja ta ƙasa, mai ita ya yi ta zargin shaho. A wasu ƙasashe an ga sun taru sun kama kurciya tana shan ruwa. Mai kiwon kifi ma ya yi hankali da shi sa'ad da kifin ke ƙanana.

Maganin wannan ba wuya. A tsare 'ya'yan agwagi a gida da ruwa a kasko har su yi mako huɗu ko shida, lokacin sun fi ƙarfinsa. Tafkin kifi a kewaye shi da waya ko tsohon kwano, tsawon ƙafa biyu, a binne gindin cikin ƙasa domin gwanin tono ne. Wanda aka samu a ciki a ɗauke shi a kai wani kududdufi nesa. A riƙe shi ta baya, gama yana cizo, kuma yana fid da wani ruwa mai ɗoyi wanda ke daɗewa a tufa. Bayan an sake shi a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci.