Darasinmu na Wannan Wata: Yadda Ake Auna Taurin Ƙarfe

Jama'a, wanda ya sayi fartanya ta lanƙwashe masa a tsakiyar damina ya san hasara. Kuɗi sun tafi, aiki ya tsaya, ciyawa kuma ba ta jira. Dalili shi ne ƙarfen ba shi da tauri. To, yaya ake gane taurin ƙarfe?

Ku dubi mai sayen mangwaro. Yakan danna shi da yatsa. In ya lotsa, ya nuna. In bai lotsa ba, ɗanye ne. Haka masana ke yi wa ƙarfe, sai dai da na'ura suke dannawa.

Wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin mai suna Johan August Brinell ne ya fito da wannan dabara a shekarar 1900. Akan sami ɗan ƙwallo mai tsananin tauri, mai faɗin milimita 10, wato kamar ƙwayar gurjiya. Sai a ɗora shi a kan ƙarfen da za a gwada. Na'ura ta danne shi da nauyin kilo 3,000. Wannan nauyin buhu 30 ne na masara, kowane buhu kilo 100. Bayan daƙiƙa 10 zuwa 15 sai a ɗaga.

Ƙwallon yakan bar ɗan gurbi a jikin ƙarfen. Sai a auna faɗin gurbin da madubin ƙara girma. Ga abin riƙewa: babban gurbi, ƙarfe mai laushi, ƙaramin gurbi, ƙarfe mai tauri.

Daga faɗin gurbin ake lissafa lambar tauri. Dalma tana da kamar 5. Tagulla tana da kamar 35. Baƙin ƙarfe na yau da kullum yana da kamar 120. Ƙarfen da aka hore don yin kayan yanka yakan kai 600.

Daga baya an sami wasu hanyoyi. Hanyar Rockwell ta Amurka zurfin gurbi take aunawa. Hanyar Vickers, wadda aka ƙago a Ingila a 1921, da tsinin lu'ulu'u take dannawa.

Maƙeranmu ma suna da nasu gwaji. Sukan goga magagari a bakin gatari. In ya ci da sauƙi, ƙarfen yana da laushi. In ya zame, yana da tauri. Don neman tauri ne suke son sifirin mota, suke kuma tsoma jan ƙarfen da ya fito daga wuta cikin ruwa ko mai.

Amma a kula. Tauri in ya yi yawa, ƙarfe yakan tsage ko ya karye. Laushi in ya yi yawa, yakan lanƙwashe, bakinsa ya dakushe da wuri. Kayan aiki nagari yana tsakani. Saboda haka, kafin ku biya kuɗin garma ko lauje, ku roƙi maƙeri ya gwada bakinsa da magagari a gabanku.

Tambayoyi
1. Wane ne ya fito da gwajin ƙwallo, kuma a wace shekara?
2. Me ƙaramin gurbi yake nunawa?
3. Mece ce illar tauri mai yawa?

Ku rubuta amsa, ku nuna wa malamin ajinku.