Fentin da ke haska maɓallan DJ cikin duhu

Duk DJ ɗin da ya taɓa aiki a ɗakin taro mai duhu ya san wahalar laluben maɓallin bes ana tsakar rawa. Maɓallan miksa, irin na Pioneer DJM, baƙaƙe ne, ɗan farin layin da ke kansu kuwa da wuya ya ganu. Shi ya sa wasu ke shafa musu fenti mai haske.

Fentin iri biyu ne, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Akwai mai shan haske ya adana, ya riƙa fitarwa a hankali cikin duhu. Wanda aka haɗa da sinadarin strontium aluminate ya fi tsohon na zinc sulfide ƙarfi da daɗewa, kore ne kuma ya fi haskawa. Iri na biyun kuwa ba ya adana komai, sai an kunna masa fitilar UV yake walƙiya, da ta mutu ya dushe.

Aikin na son haƙuri. A zare maɓallan tukuna, domin ɗigo ɗaya in ya gangara cikin miksar, sai gyara. A goge maiƙon hannu da auduga da sifirit, ban da asiton, yana cin roba. A fara shafa farin fenti, sannan mai hasken sau biyu ko uku, siriri-siriri, kowane ya bushe.

Layin nuni kaɗai ya isa a fenta. Shi ne ke faɗa wa ido inda maɓallin ya tsaya. Maɓallan roba mai laushi ba sa riƙe fenti, gara a sayi maɓallan Chroma Caps na DJ TechTools masu hasken.