Shekaru Bakwai Na Farko: Darasi A Kan Renon Yaro Da Ginin Halinsa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, akwai ƙarar da ta fi kowace yawan zuwa zaurenmu a nan Damagaram. Aure ya mutu, uba ya aika a karɓo yaro ɗan shekara uku ko huɗu daga hannun uwarsa, ya miƙa wa kishiya, ko kuwa kafin ya cika shida ya haɗa shi da allo ya tura shi Kano ko Maiduguri. In an yi magana sai ya ce, "Ai yaro ne, zai manta." Wannan kalma muke son mu auna a darasin yau.

Malaman Turai da suka yi nazarin halayyar ɗan Adam sun yi saɓani da yawa, amma a kan wannan sun kusa haɗuwa. Sigmund Furoid na ƙasar Ostiriya, wanda ya mutu a 1939, ya raba zuciya gida uku: mai sha'awa, mai lura da zahiri, da mai tsawatarwa. Wasu ɗalibanmu suna gaggawar cewa ai su ne nafsul ammara da lawwama da muɗma'inna. Ba haka ba ne. Mutumin bai yarda da addini ba, ya kuma jingina kusan kome ga sha'awa, har almajiransa da dama suka rabu da shi. Abin da muke ɗauka a wurinsa ɗaya ne: abin da ya sami yaro a shekarunsa biyar na farko yana bin sa har girma.

Wanda ya fi amfanar mai karantarwa shi ne Jan Piyaje na ƙasar Suwis, wanda ya mutu a 1980. Ya daɗe yana lura da yara, har da 'ya'yansa na cikinsa, ya gano cewa hankali hawa-hawa yake zuwa: daga haihuwa zuwa shekara 2, daga 2 zuwa 7, daga 7 zuwa 11, sannan abin da ya yi sama. Ku gwada gwajinsa a gida. Ku zuba kunu daidai wa daida a kofi biyu iri ɗaya, yaro ɗan shekara huɗu ya yarda daidai suke. A gaban idonsa ku juye ɗaya a dogon kofi siriri. Zai ce na dogon ya fi yawa, har ya yi kuka a kansa. Yayansa ɗan shekara takwas dariya zai yi masa. To, wanda bai gane kunu bai ƙaru ba, yaya zai gane dalilin da ya sa aka raba shi da uwarsa? Sau da yawa cewa yake yi a ransa laifinsa ne.

Wannan iyaka ta shekara bakwai ba baƙuwa ba ce gare mu. Malaman fiƙihu suna kiranta shekarun tamyizi, kuma a hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, a bakwai ake fara umartar yaro da salla, horo kuwa sai ya kai goma. Ku dubi tazarar: shekara uku cur na tunatarwa, kullum sau biyar. Mu kuwa dorina muke ɗaukar wa ɗan shekara biyar don ya kasa riƙe baƙi da wasali. Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 Hijiriyya, ya kwatanta zuciyar yaro a cikin Ihya'u da dutse mai daraja da ba a yi wa zane ba, mai karɓar duk abin da aka zana masa.

Sai Jon Bolbi, likitan Ingila. A 1944 ya wallafa nazarinsa a kan yara 44 da aka kama da sata. Cikinsu 14 ya same su ba sa jin ƙaunar kowa, ba sa nadama. 12 daga cikin 14 ɗin nan an raba su da uwayensu rabuwa mai tsawo tun ba su kai shekara biyar ba. Malaman da suka biyo bayansa sun ce ya ɗan zarce, domin kaka ko goggo mai tsayawa da gaske tana iya cike gurbi. Mun yarda, mun kuma gani a gidajenmu. Sharaɗin shi ne hannu ɗaya tabbatacce, ba yau nan gobe can ba. Erik Erikson, mai matakai takwas na rayuwa, ya ce matakin farko shi ne jariri ya koyi amincewa da mutane, na samartaka kuwa neman amsar "ni wane ne?" Idan muka ga samarin Kara-Kara da wasu unguwanni sun taru a ƙungiyoyin da suke kira "pale", ba mu ce dukansu haka aka yi musu ba, amma wanda bai sami amsa a gida ba zai neme ta a bakin titi.

Abin mamaki, hukuncin yana cikin littafin da muke karantawa a zaurukan Birni da Zango tun kakanninmu. Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa bayan saki reno haƙƙin uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta rasu ko ta yi wani aure, sai kaka, sannan 'yar'uwar uwa. Ciyarwa da tufatarwa da karantarwa suna wuyan uba, ba a kuma hana shi ganin ɗansa da yi masa tarbiyya. Karɓe yaro da zarar an yaye shi, ko da ya cika bakwai, al'ada ce, ba mazhabar Malik ba.

Game da allo kuwa, ba karatu muke hanawa ba, Allah Ya tsare. Akwai malami a kusan kowace unguwa. Yaro ya je da safe, ya dawo ya ci tuwon gidansu, ya kwana inda ake sanin ya yi zazzaɓi. In tafiya ta zama dole, a bari ya wuce goma, uba ya kai shi da ƙafarsa, ya ga makwancinsa, ya bar guzurinsa a hannun malam, ya kuma sa ranar da zai koma dubo shi. Allah Shi ne mafi sani.