Yadda Za Mu Ceci Kwanon Rumfa Daga Tsatsa

A ƙauyukanmu da yawa, rumfar kwano ce ke kare hatsi, taki da kayan noma daga ruwan sama. Idan kwanon ya fara ja, mukan ce, "A bari sai baɗi." Kafin baɗi kuwa ya huje, ruwa ya ɗiga a kan buhunan masara, wahalar shekara ta ruɓe. Kuɗin bandir guda na kwano, wato falle 20, ya fi na fenti nesa ba kusa ba.

Me ke kawo tsatsa?

Kwano ƙarfe ne da aka lulluɓe da tutiya. Muddin tutiyar tana nan, ruwa ba ya kai wa ga ƙarfen. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Inda tutiya ta ƙare, musamman bakin ƙusa da mahaɗar falle biyu, nan ruwa da iska ke fara cin ƙarfe. Takin zamani, kashin kaji da fitsarin dabbobi suna ƙara saurin ɓarnar.

Ku riƙe wannan: fenti ba ya kashe tsatsa. Wanda ya shafa a kanta, ba da daɗewa ba zai ga fentin yana ɓarewa, tsatsa kuma tana ci daga ƙarƙashi. Babban aikin shi ne kankarewa.

Wane lokaci ya fi?

Bayan ɗaukewar ruwa, kafin ƙurar hunturu ta yi yawa, domin ƙura tana manne wa ɗanyen fenti. A fara da hantsi, bayan raɓa ta bushe, a dakata idan kwano ya yi zafin da hannu ba zai jure ba.

Matakan aiki

1. A duba kowane falle. Wanda ƙusa ke huda shi da sauƙi ya mutu, a canja shi. Ƙananan huji a toshe su da kwalta da ƙyalle.
2. A sāke ƙusoshin da suka yi lako-lako.
3. A kankare tsatsa da tsohon fenti da buroshin waya, a bi da samfefa har ƙarfe ya fito.
4. A wanke da ruwan omo, a ɗauraye, a bari ya bushe ƙayau.
5. A ranar a shafa jan fentin ƙarfe, wanda maƙera ke fara shafa wa ƙofofi, a duk inda aka kankare.
6. Bayan awa 24, a shafa fentin mai, siriri. Washegari a ƙara shafi na biyu. Fari ko ruwan azurfa yana rage zafi cikin rumfa.

Kada a shafa fentin mai a kan sabon kwano mai ƙyalli, domin ba ya kamawa.

Kula da lafiya

A shimfiɗa katako, a taka layin ƙusa kawai. Mutum ɗaya ya riƙe tsani. A rufe hanci da baki wajen kankara, a fitar da hatsi, a nisanta yara, gama tsohon fenti kan ƙunshi gubar dalma. Masu tarar ruwan sha daga rufin su nemi fenti marar dalma.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Rumfuna nawa ne a garinmu suka fara ja?
2. Za mu iya haɗa kuɗi mu sayi fenti, buroshi da tsani tare?
3. Wace gwauruwa ko tsoho ne za mu fara yi wa gayya?