Yadda Ake Kwashe Bayanan Tsohon Faifan Fulofi Zuwa Kwamfutar Zamani

Yawancin masu riƙe da wayar zamani ba su taɓa amfani da faifan fulofi ba, duk da cewa hotonsa ne alamar adana aiki a manhajoji da dama. Kamfanin IBM ne ya fara fito da shi a 1971, Sony kuma ya daina ƙera shi a 2011. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne mai inci 3.5, mai ɗaukar megabait 1.44, wato ko hoto ɗaya na wayar yau ba lallai ya shige shi ba.

To me ya dawo da maganarsa? Injin masana'anta ba ya tsufa da sauri kamar waya. A yankunan masana'antun Kano, wato Bompai da Sharaɗa da Challawa, inji yakan shekara ashirin ko talatin yana aiki. Irin injunan da aka ƙera a shekarun 1990, kamar na surfani na Tajima da Barudan, da na saƙa, da na yankan ƙarfe, da yawansu ta fulofi suke karɓar zane da umarni. Ranar da faifan ya mutu, injin miliyoyin naira zai tsaya cik, ma'aikata su zauna. Ƙurar hunturu da zafi da maganaɗisu kuwa kullum cin faifan suke yi. Saboda haka a kwafe shi tun yana da rai.

Hanya ta farko: na'urar fulofi mai USB

Ita ce mafi sauƙi. Ana jona ta da kwamfuta, Windows ta nuna ta da harafin A. Sai dai faifai mai inci 3.5 kawai take karantawa, shi ma sai in an tsara shi irin na kwamfutar IBM. Wasu injunan suna da nasu tsarin na daban. Idan Windows ta ce faifan yana buƙatar a sake tsara shi, kada a yarda, domin hakan goge komai zai yi.

Hanya ta biyu: Greaseweazle

Wannan ƙaramin allo ne da Keir Fraser ya ƙirƙira, manhajarsa kuma kyauta ce. Yana shiga tsakanin tsohuwar na'urar fulofi da kwamfutar zamani. Ba ruwansa da tsarin faifai, domin sawun maganaɗisun da ke jikinsa yake ɗauka kai tsaye. Ga matakan:

1. A ciro na'urar fulofi daga tsohuwar kwamfuta, a goge kan da ke karanta faifan a hankali da auduga da sinadarin isopropyl.
2. A haɗa ta da allon da faffaɗar wayar nan mai rami 34. Gefen da ke da jan layi shi ke fuskantar fil na ɗaya. Idan fitilar na'urar ta kama ta ƙi mutuwa, an juya wayar ne.
3. A ba ta wuta. Mai inci 3.5 bolt 5 take buƙata, mai inci 5.25 kuwa sai an haɗa mata 5 da 12.
4. A kulle faifan kafin a saka shi. A mai inci 3.5, sai a tura ɗan makullin kusurwa har ramin ya buɗe, ta yadda ba abin da zai rubutu a kai.
5. A jona allon da kwamfuta ta USB, a rubuta umarnin gw read faifai.scp, sai ya adana kwafin faifan gaba ɗaya a fayil guda.

Faifan da ya yi fumfuna ko ake jin yana ƙara kada a tilasta masa, zai iya karcewa ya kuma ɓata na'urar. A yi aikin da kwamfutar tafi-da-gidanka mai caji, saboda ɗaukewar wuta. In an gama, a ajiye kwafin a wuri biyu, ɗaya a filashi, ɗaya a ma'ajiyar intanet.

Mataki na gaba: a raba injin da fulofi

Akwai wata na'ura mai suna Gotek da ake sakawa a gurbin na'urar fulofin injin. Filashi ake soka mata, shi kuma injin yana ɗauka faifai ne. Filashi ɗaya na ɗaukar kwafin faifai ɗaruruwa, ana zaɓar wanda ake so da maɓallan gabanta. Kafin a saya, a tabbatar ko injin kilobait 720 yake karantawa ko megabait 1.44, a kuma ƙirga fil ɗin mahaɗarsa, don wasu 26 gare su, ba 34 ba. A ajiye tsohuwar na'urar har sai an gwada sabuwar ta yi aiki.

Masu gyaran waya sun cika kasuwar Farm Centre, amma wannan fanni bai da cunkoso haka. Matashin da ya iya shi zai iya ceto zanen da masana'anta ta shekara da shekaru tana dogaro da shi, kuma ya ci abinci da sana'arsa. Mai son koyo ya fara gwaji da faifan da ba a damu da shi ba, kafin ya taɓa na mutane.